Yadda Kawu Stamen Ya Dafa Kashin Tumakin Gari

Ku gyara zama tukuna, don ni labarin Kawu Stamen ba na iya bayar da shi a tsaitsaye.

A ƙauyenmu na kan duwatsun Rodopi, duk ranar Idin Waliyyi Georgi ake haɗa tumakin kowane gida su zama garke guda, a hau da su makiyayar saman dutse, ba za su sauko ba sai sanyi ya kawo kai. Mutum ɗaya ke shiga gaba, shi ne sarkin makiyaya, ragonsa kuma shi ke rataya babbar ƙararrawar tagulla. Tsohon da ya riƙe ta shekara ashirin da biyu gwiwoyinsa suka gaza, ya ce a nemi wani. Mutum biyu suka nuna suna so. Akwai Trifon, wanda sai ya wuni bai yi magana goma ba. Akwai kuma Kawu Stamen, ƙanin mahaifiyata, wanda kan yi magana goma kafin ya sauko daga gado.

Shekara talatin da suka wuce Kawu ya taɓa yin gadin ƙofar wani ɗakin gwajin cututtukan dabbobi a birnin Plovdiv, wata huɗu cur. Ya dawo gida da farar rigar likitoci marar maɓalli, tun daga nan in zai buɗe baki sai ya ce, "Mu da muka yi aikin bincike."

A shekarar da nake ba ku labari, 'yan raguna suka soma lalacewa. Ga zawo, ga rama, cikin idonsu fari fat, haɓarsu ta kumbura. Farin maganin tsutsa da muke ɗura musu tun muna yara, kamar madara ake ba su. Saura kwana goma sha biyu Idi sai ga Likita Boryana, likitar dabbobin yankinmu. Aka taru a shagon kofi.

Ta ce, "Tsutsar cikin tumakinku ta saba da farin maganin nan. Akwai rawaya, akwai mai kama da ruwa, amma ba zan yi muku canke ba. Ku tattaro min sabon kashin tumaki, na kowane gida daban, ƙwan tsutsar yana ciki. Ku zuba a kwalba, ku rufe ruf, kada iska ta shiga, don in ta shiga ƙwan zai ƙyanƙyashe a hanya. Yadda za ku yi kuwa..."

"Na sani, na sani," in ji Kawu, ya miƙe tsaye har ya tare ta. "'Yata, kada ki wahalar da bakinki. Mu da muka yi aikin bincike, wannan abu ne da muka gama tun kina goye."

Ta ci gaba da magana ta bayan kafaɗarsa, amma muryar Kawu ta cika shagon, ba wanda ya ji wannan gaɓar. Da ya tsaya shan ruwa muka ji ƙarshen: a ɗakin gwaji za a ware ƙwan, a zuba a faranti mai ramuka-ramuka, kowane rami da maganinsa, a ajiye wuri mai ɗumi kwana bakwai. Ramin da tsutsa ta fito ta girma, maganinsa ya tashi aiki. Ramin da ba ta motsa ba, shi ne namu.

Da ta shiga motarta ta tafi, dattawa suka yanke magana: wanda ya raba gari da tsutsar nan kafin Idi, ƙararrawa tasa ce.

Trifon ya ce, "To, ni zan kai kwalaben Plovdiv."

"Plovdiv!" Kawu ya bugi tebur. "Me ke akwai a Plovdiv da babu a ɗakin girkin matata Nevena? Faranti ne ba mu da shi, ko ɗumi? Su can sai sun yi kwana bakwai saboda suna tashi cin abincin rana. Ku kawo min kashin nan, in yi muku gwajin a gaban idonku."

"Kai da ƙofa aka ba ka," in ji Trifon.

"Duk ilmin da ya shiga ginin nan ta gabana ya wuce, Trifon. Ta gabanka me ya taɓa wucewa ban da jaki?"

Aka yi dariya, kuma a garinmu wanda ya ba mutane dariya shi ake bi.

Washegari Goggo Nevena, matar Kawu, ta tafi dubiya gidan 'yar'uwarta a kwari. Ko kwanar titi ba ta sha ba Kawu ya sauka rumbunsu na ƙarƙashin ƙasa, ya kwaso mata kwalabe arba'in da ɗaya, irin masu faɗin bakin nan da take zuba tattasai da 'ya'yan itacen pulam. Ya ɗauki babban ludayinta, ya saka farar riga, ya shiga gari gida-gida.

Sabon kashi likita ta ce, don haka sai ya tsuguna bayan tunkiya ya jira. Tunkiya kuwa in ta ga mutum ya zuba mata ido sai ta ƙi. A gidan farko ya yi sa'a guda a tsugune. A na biyu ya yi wa tunkiya fito, ya yi mata waƙa, ya roƙe ta da girman Allah. A gidan Trifon, yana duƙe da ludayi, ragon gidan ya ja da baya taku uku, ya zo ya ɗauke shi ya kifa cikin kwamin ruwa.

Trifon ya leƙo ta katanga. "Wannan ma cikin binciken ne?"

"Ƙarfin ragon nake aunawa," in ji Kawu daga cikin ruwa. "Ba laifi. Matsakaici ne."

Kafin la'asar kwalabe sun cika. Ya manna wa kowace takarda da sunan gida, ya jera su a tsakar gida, ya tsaya yana shafa gashin baki. Sai maganar likita ta dawo masa: kada iska ta shiga.

To, a garinmu ko jaririn da ke rarrafe ya san hanya ɗaya ce ake rufe kwalba iska ta kasa shiga. Duk kaka muna yi da tumatir, da tattasai, da nama. A ɗaure murfi, a jera a ƙatuwar tukunya, a cika da ruwa, a hura wuta a tafasa, murfi ya lotsa ciki ya kama gam. Kawu ya garo tukunyar Goggo tsakar gida, ya kafa murhu, ya tula itace.

Hayaƙi na tashi mata suka fara leƙowa. Wa ke dafa kwalba a watan Afrilu, ko tumatir bai yi fure ba? Kaka Stoyna, maƙwabciyarsu, wadda ta haura tamanin kuma ba a taɓa buɗe kwalbarta aka tarar da ta lalace ba, ita ta fara shigowa da sandarta.

"Stamen, ka shimfiɗa tsumma a gindin tukunyar?"

"Kaka, wannan bincike ne, ba girki ba."

"Binciken ubanka. In ba tsumma fashewa za su yi."

Ba ta rufe baki ba aka ji fau! Kwalba ɗaya ta tarwatse, abin da ke cikinta ya bazu a ruwa. Warin da ya tashi ranar, kare ma sai da ya bar unguwar. Aka sauke, aka sa tsumma, aka mayar. Yanzu mata sun kai goma, kowace ta toshe hanci da gefen ɗankwali, kuma ba wadda ta tafi, don gardama ta kaure kan minti nawa za a ba shi.

"Minti ashirin, kamar tattasai," in ji wata.

"Haba! Ƙananan ƙwallaye ne, kamar 'ya'yan itacen ceri. Minti goma ya isa."

"Ai ciyawa ce aka tauna. A yi masa lissafin ganye."

Kaka Stoyna ta buga sanda a ƙasa. "Daga ina ya fito? Ba daga cikin dabba ba? To, nama ne. Sa'a biyu, kada a rage ko minti."

Wa zai ja da Kaka Stoyna a kan kwalba? Aka ƙara itace.

Ana cikin haka Goggo Nevena ta dawo. Ta tsaya a ƙofa, ta dubi tukunyarta, ta dubi ludayinta, ta dubi mijinta.

"Stamen, mene ne a cikin tukunyar da uwata ta ba ni?"

"Ilmi ne, Nevena."

"Ilmi ne ke wannan wari?"

"Ke da za ki zama matar sarkin makiyaya, ki riƙa sassauta murya."

Ta matso, ta leƙa. Sannan ta ce, "Ruwan bai rufe murafen ba. In za ka kunyata ni, kunyata ni da kwalba mai kyau." Ta karɓe bokiti daga hannunsa ta ƙara ruwa da kanta.

Bayan sa'a biyu aka tsamo su. Murafe sun kama gam, ba ɗaya da ya saki, mata suka yaba. Sai dai takardun sunaye duk sun saɓule suna yawo a kan ruwa kamar ganyen kabeji.

Trifon, wanda ya daɗe jingine da katanga, ya ce, "Wanne ne nawa?"

Kawu ya ɗaga ɗaya ya duba a rana. "Wannan. Ya fi sauran taurin kai."

Aka sauke kwalaben rumbun ƙasa su huce, gefen na abinci. Kashegari da rana Kawu ya gayyaci Trifon cin abinci don ya ƙara masa bayani. Goggo ta sauka rumbu mai duhu, ta ɗauko kwalbar da ta zaci ta zaitun ce, ta buɗe ta ajiye kusa da cuku. Kawu yana tsakiyar labarin ranar da manyan masana suka tsaya a ƙofarsa suna tambayarsa, ya kai cokali ya ɗebo ba tare da ya duba ba. Cokali ya kai daf da gashin baki, sai hanci ya riga baki gane gaskiya. Hannu ya tsaya cak.

"Ci mana," in ji Trifon. "Kai ne mai gida."

"Sansanawa nake. Haka ake fara gwaji."

"A Plovdiv ma da burodi suke haɗawa?"

Goggo ta kwashe tebur ɗin gaba ɗaya, da cuku da komai, ta zuba wa kaji. Kaji suka duba suka wuce.

Daga nan aiki ya kankama. Kawu ya bi gidaje ya aro farantan ƙanƙara na firiji, su ne masu ramuka. Ya dama kashin da ruwa, ya tace da rariyar fulawar Goggo, ya ɗiga a ramuka. Wasu ya sa musu farin magani, wasu rawaya, wasu mai kama da ruwa. Layi na huɗu kuwa nasa ne na kansa: tafarnuwa, da tazargade, da barasar inabin da yake dafawa a bayan gida. Ya raɗa masa suna Ruwan Stamen.

Saura ɗumi. Yadda muke kwantar da nono ya yi kindirmo, haka ya yi. Ya naɗe farantan da bargon gadonsu, ya lulluɓe da buzun tunkiya, ya ajiye gefen murhu, ya hana a taɓa, ya hana a buga ƙofa. Goggo ta yi kwana bakwai tana rufa da labulen taga.

Sai kuma abin dubawa. Madubin likita babu, amma tabarau akwai. Kawu ya ce in tabarau ɗaya na ƙara girman rubutu, bakwai za su nuna tsutsa har da haƙoranta. Ya karɓe na tsofaffin gari kaf, ya jera gilasan cikin bututun murhu ya ɗaure da zare. Makon nan garinmu ya ga abu. Limamin coci ya karanta addu'ar jana'iza a wurin baftisma. Kaka Stoyna ta tsaya a bakin rijiya ta gaida jakin Trifon a zaton shi ne Trifon, ta tambaye shi ya jikin matarsa, da ya yi shiru ta ce dama halinka ne.

Sau biyu Likita Boryana ta bugo waya tana tambayar kwalabe. Sau biyu Kawu ya ce, "Suna cikin tsari, 'yata. Ke dai ki zo jajibirin Idi ki sha mamaki." 'Yan raguna kuwa suna ta zubewa, uku suka mutu a makon.

Rana ta bakwai ya buɗe bargo, ya kafa ido a bututu, ya bi ramuka ɗaya bayan ɗaya. Ba abin da ke motsi. Ya fito titi a guje, riga na tashi a bayansa.

"Sun mutu! Duka sun mutu! Ba ɗaya da ta ɗaga kai!"

Jajibirin Idi da hantsi aka fito da dogon tebur dandalin coci, aka shimfiɗa farin ƙyalle, aka jera farantan. Ƙararrawar tagulla tana ajiye a ƙarshen tebur, an goge ta tana walƙiya. Kawu ya riga ya wanke ragonsa ya ɗaura masa jan zare a ƙaho. Gari ya taru kaf.

Ya hau kan benci. "Jama'a, ga sakamako. Farin magani ya kashe su. Rawaya ya kashe su. Mai kama da ruwa ya kashe su. Ashe magani lafiyarsa lau, ku ne ba ku iya ɗurawa ba."

Aka fara guna-guni. Wani ya ce, "Shekara hamsin ina ɗura wa tunkiya magani, yau kai za ka koya min?"

"Amma," Kawu ya ɗaga yatsa, "na ramin Ruwan Stamen sun fi sauran mutuwa."

"Ta yaya matacce ke fin matacce mutuwa?" in ji Trifon.

"Sai ka yi aikin bincike za ka gane."

Daidai nan motar Likita Boryana ta tsaya. Ta fito da ɗan akwati, ta ga tebur, ta ga bututun murhu mai tabarau bakwai, ta rage tafiya.

"Kawu Stamen, ina kwalabena?"

"Na hutar da ke, 'yata. Duba da idonki."

Ba ta yi faɗa ba, mace ce mai haƙuri. Ta buɗe akwati, ta fito da madubinta na gaske, ta ɗebi ɗigo daga rami ta duba. Ta ɗebi wani. Ta ɗago kai.

"Wane rami ne ba ka sa wa magani ba?"

"In bar rami ba magani? Asarar rami ke nan."

"Dole a bar ɗaya da ruwa zalla. In na ruwa zalla suka ƙyanƙyashe, na magani suka ƙi, sannan ka san magani ne ya hana su."

Goggo Nevena ta ce daga cikin mata, "Akwai faranti guda da ya manta a bayan murhu, ko ɗigo bai sa masa ba. Na share na gan shi." Ta aika aka ɗauko. Likita ta duba, ta daɗe.

"Waɗannan ma ba su ƙyanƙyashe ba. Ƙwan duk ya ƙanƙance, kamar an..." Ta dubi jama'a. "Yaya kuka rufe kwalaben?"

Nan fa mata suka ga an zo fagensu. Suka amsa baki ɗaya, da alfahari: "Sa'a biyu!"

"Sa'a biyu me?"

"A tafasa," in ji Kaka Stoyna, tana fuskantar wata bishiya don ta ɗauka ita ce likitar. "Ni na ce a yi masa lissafin nama. Ko murfi ɗaya bai saki ba, 'yar nan. Ki je Plovdiv ki tambaya ko suna da mai hannu irin wannan."

Likita Boryana ta nemi benci ta zauna. Ta rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunta na rawa, ba mu san kuka take ko dariya ba sai da ta buɗe.

"Iyayena, cewa na yi a cika kwalba da ruwan sanyi har baki, a murɗa murfi. Shi ke nan. Ƙwai ne fa a ciki, da ransa nake so. A cikinku wa ta taɓa sa wa kaza dafaffen ƙwai ta jira 'yan tsaki?"

Aka ji kukan tunkiya daga can gangare.

"Ni dai minti ashirin na ce," in ji wata a hankali.

"Minti biyu ma zai kashe su, Inna," in ji likita.

"Ni ban ce komai ba, wucewa nake," in ji wata daban.

"Ke kika kawo itace!"

Kawu bai sauko daga benci ba. Ya gyara riga, ya yi gyaran murya. "To, madalla! Ai ga babban abin da na gano ke nan. Likita da bakinta ta shaida: tafasa na kashe tsutsa, ba ta barin ko ɗaya. Wane magani ne a Plovdiv ya taɓa yin haka?"

Trifon ya cire hula ya sosa kai. "Gaskiya ne. Sai a kawo tumakin, mu fara da ragonka, tunda ka riga ka wanke shi. Kaka, sa'a nawa za a ba shi?"

Dariyar da aka yi ranar, tattabarun kan coci sai da suka watse. Liman ya riƙe ciki ya jingina da bango. Goggo Nevena ta je ta kama gefen farar riga ta sauko da mijinta kamar mai sauko da shanya, ta ce, "Ka mayar wa mutane idanunsu tukuna."

Likita ta ce in aka hau da garke haka, za a shuka ƙwan tsutsa a makiyayar sama, baɗi ma ba za a tsira ba. Don haka a karo na farko tun da tsofaffi suka yi wayo, aka yi Idin Waliyyi Georgi tumaki suna gida. Aka gasa rago, aka ci, aka yi rawa, amma ba a ji ƙararrawa ba.

Ta kuma ce wannan karon ba ta son na ƙasa, sai an sa safar roba an ciro daga jikin tunkiya kai tsaye, gida arba'in da ɗaya. Aka tambayi wa zai yi. Kowa ya juya ya dubi mai farar riga.

Kawu ya yi shi a wuni guda. Trifon ya sa kwalaben a bayan motarsa, da ruwan sanyi, ya kai Plovdiv. Bayan kwana takwas amsa ta zo: fari ya tashi aiki, rawaya ne mai ci. Aka ɗura wa garke rawaya, 'yan raguna suka fara tsalle a kan duwatsu.

Safiyar hawa, dattawa suka rataya ƙararrawa a wuyan ragon Trifon. Trifon ya shiga gaba. Ni ina can baya da 'yan tumakina, sai na ga Kawu a ƙarshen garke, bayan gurguwar tunkiyar da ke bin kowa, yana tafe yana tsallake abin da tumaki dubu suka bari a hanya.

Na ce, "Sannu, Kawu. Abin bai zo yadda aka so ba."

Ya dube ni da mamaki. "Wa ya ce? Trifon na can gaba yana kallon dutse, me zai koya a wurin dutse? Mu da muka yi aikin bincike, a bayan tunkiya muke tafiya. Ta nan ilmin ke fitowa."

Ya tsallake wani tuli, ya taka na gaba. A nan na baro shi, labarin ma a nan ya tsaya.